Kwalin da Yaya Ya Ƙi Buɗewa

A asibitin kowa Sista Hantsaki yake ce mata, har masu shara, amma sai ta ba da baya. A gaban idonta Sista ce kawai. Gajera ce kakkaura, mai ƙananan idanu, ba ta da fara'a, kuma ba ta taɓa neman aron ta wani ba. Ta fara aikin jinya a ɗakin haihuwa, ta ga ihun ya yi mata yawa. Aka mai da ita ɗakin tiyata, daga can aka kai ta ɗakin da ake zura wa mutane bututu mai kyamara ta baki, a duba maƙoshi da ciki. Nan ta zauna har furfura ta cinye mata kai. Ta ce ɗakin ya dace da ita, don shi kaɗai ne wurin da ake fara toshe wa mutum baki kafin a taɓa shi.

Ɗakin ba shi da girma. Gado ɗaya, allo kamar na talabijin a jikin bango, injin tsotse yawu mai gurnani, da wata doguwar durowa ta ƙarfe wadda ba mai taɓa ta sai ita. Likita ne yake riƙe bututun yana kallon allo. Ita kuma hantsaki ne a hannunta. Ba irin na maƙera ba: doguwar waya ce kamar ta birkin keke, a ƙarshenta ɗan baki mai buɗewa da rufewa. A zura wayar ta cikin bututun har ta ɓullo inda ake so. Likita ya ce “buɗe”, ta buɗe. Ya ce “rufe”, ta rufe. Ya fizgo, sai ga ɗan nama bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta kakkaɓe shi cikin 'yar kwalba, a kai wa masu dubawa a madubin gwaji. Abin da suka gani a wannan ɗan naman shi za a faɗa wa mutum, ko ya koma gida da murna, ko ya fara shiri.

Hantsakin ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙarami, na matsattsen wuri da na yara. Akwai mai 'yar allura a tsakiya, wanda yake soke naman farko ya riƙe a ƙara ciro na biyu. Akwai buroshi, shi ba ya cizo, kankarar sama kawai yake yi. Sannan akwai babba mai faɗin baki. Shi Likita yake so idan aka kawo wanda ƙwannafi ya daɗe yana ƙona masa ƙasan maƙoshi, har fatar wurin ta bar fari-farinta ta koma ja. Wannan jan ba ciwon daji ba ne, amma a cikinsa dajin yake yin sheƙa, kuma ba ya nuna inda ya ɓuya. Sai an ciza gabas da yamma, kudu da arewa, a ɗan matso sama a sake, har a ƙure jan. Idan cizon ya yi ƙanƙanta, ko naman ya dagargaje, mai dubawa fatar sama kawai zai gani. Sista takan ce wa sababbin ma'aikata, wanda zai ji ko gishiri ya ji a miya ba murfin tukunya yake lasa ba.

Mijinta mai gyaran agogo ne, yana da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai faci da wani tela. Duk fara'ar da aka hana ta shi aka bai wa. Gwamnati yake ce mata, wai don ba ta shawara, sai dai a ji sanarwa. Tun suna amarci yake fama da ƙwannafi. Kwalbar farin magani ba ta rabuwa da aljihunsa, har ta yi wa rigunansa shaida. In ta yi faɗa sai ya ce, “Gwamnati, gado ne fa. Babanmu da shi ya rayu.”

Ta ce, “Da shi kuma ya mutu. Ƙarasa mana.”

Ta wurin wansa ta san shi. Wan nan nasa shi ne mai kula da sito na asibitin, dogo, busasshe, makullai a ƙugu suna ƙara kamar akuya mai ƙararrawa. A faɗi gaskiya, bai taɓa ɗaukar ko allura ɗaya ta asibiti ya kai gida ba. Kantocinsa a cike, kwalaye a jere, fuskarsu duk waje ɗaya kamar sojoji. Yana da doka guda da yake ji da ita fiye da 'ya'yansa: ba a buɗe sabon kwali sai tsohon ya ƙare ƙarƙaf. Da wannan doka ya hana ɓarna mai yawa, aka yaba masa, yabon kuwa ya hau kansa ya zauna. Ita Sista, Yaya take ce masa, a gida da wurin aiki, kamar yadda mijinta yake ce masa.

Da ƙyar ta shawo kan Mai Agogo ya yarda a duba shi. Ya kwana da yunwa kamar yadda aka ce, ya hau gado yana tsokanar masu aiki, aka yi masa allurar barci, aka zura bututu. Likita ya dubi allo ya ce, “Sista, ga jan nan, da tsawo kuma. Ba ni babba.”

Ta ja durowa. Ƙanana fal, babba ko ɗaya. Ta san an kawo sabon kwalin manya, da idonta ta ga ana sauke shi. Ta fita da gudu, safar hannu ma ba ta cire ba, ta tsaya a tagar sito.

“Yaya, kwalin manyan hantsaki. Yanzu-yanzu.”

Bai ɗago kai ba. “Ƙananan sun ƙare?”

“Ba su ƙare ba. Ba aikinsu ba ne.”

“Hantsaki hantsaki ne. A wurina sunansu ɗaya, kantarsu ɗaya. Ku ƙarar da wanda aka buɗe.”

“Yaya, ƙaninka ne a kan gadon.”

Nan ya ɗago. Ya ce, “Shi ya sa ma. So kike a ce ranar da na fara karya dokata, a kan ɗan'uwana na karya? Da wane ido zan kalli sauran?”

Da wani ne, da ta zagaya ta ƙofa ta ɗauki kwalin ko da za a yi dambe. Amma wan miji ne, ga mutane a layi suna kallo, ga mijinta can da bututu a baki. Ta koma hannu biyu. Likita ya yi tsaki ya ce to su yi da abin da ke akwai, zai ƙara yawan cizon. Aka yi. Sakamako ya fito: naman ƙanana ne, wasu sun dagargaje, amma a abin da aka iya gani babu abin tsoro, a dawo bayan 'yan shekaru. Mai Agogo ya yi ta rawa a tsakar gida. “Kin gani, Gwamnati? Har gwamnati takan yi kuskure.”

Ba a kai lokacin komawa ba abinci ya fara tsaya masa. Nama ya fara ƙin wucewa, sai burodi, sai shayi. Da aka sake zura bututu ba a buƙaci hantsaki ba ma, ido ya isa. Ya rame har agogon hannunsa ya rasa ramin da zai kama. Shi da kansa yake zama ya huda wa igiyar sabon rami, ya nuna mata yana dariya. Ramin ƙarshe da ya huda bai yi amfani da shi sosai ba, Allah ya yi masa rasuwa.

Ƙananan hantsakin kuwa sun ƙare 'yan makonni bayan gwajin farko. Aka buɗe kwalin manya a kan wani baƙo da bai ma san an yi ba.

Likita mutumin kirki ne, kuma ba ya ƙarya don ya sanyaya wa mutum rai. Ya zaunar da ita ya ce, “Sista, ko da babban muka yi, zai yiwu mu wuce wurin. Ba wanda zai rantse miki.”

Ta ce, “Na ji, Likita. Da an gwada an rasa, da na bar wa Allah. Ba a gwada ba.”

Likita ya je wurin shugabannin asibiti ya yi magana, aka ba da umarni a raba manya da ƙanana a sito. Yaya ya raba su ranar da aka ce, bai yi gardama ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne, “Doka ce ta canza daga sama.” A zaman makoki ya karɓi gaisuwa a matsayin babba, yana cewa kwana ne ya ƙare. Sista ba ta musa wannan ba. Kwana yakan ƙare. Ita dai abin da ta sani, kwali ne bai ƙare ba. Kalma ɗaya take jira daga bakinsa, ya ce da ya buɗe. Bai ce ba.

Yaya mutum ne mai sauke nauyi. Duk ƙarshen mako sai ya zo duba marayun ƙaninsa, ya tambayi karatu, ya duba rufin ɗaki ko yana yoyo, a kawo masa abinci. Ranar farko da ya zo bayan makoki, Sista ta cika masa kwano, ta ɗora masa cokalin shayi a kai, ɗan mitsitsi, irin wanda ake bai wa jariri magani da shi.

Ya dubi cokalin. “Babu babba ne?”

“Akwai, Yaya. Sababbi ma, a kwalinsu. Ƙananan ne ba su ƙare ba.”

Ya ɗauki cokalin ya fara ci.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Cokali ba ya ƙarewa, kowa ya san wannan. Yara suka girma suna ganin baffansu, ƙaton mutum, yana tsintar shinkafa da abin da bai fi ɗan yatsa ba, abinci ya huce tun bai kai rabi ba. Bai taɓa zuwa da nasa cokalin ba, bai taɓa sa hannu ba, bai kuma taɓa fashin zuwa ba. Ita ma ba ta taɓa mantawa ba. Ranar bikin 'yarta ta fari, gida cike da baƙi, sai da ta bar ƙawayenta ta shiga kicin ta lalubo cokalin ta aika masa. Facalarta, matar Yaya, mace mai sanyin hali, ta taɓa jan ta gefe ta ce, “Haba Sista, ai ko kunama ce ta gaji da harbi.”

Sista ta ce, “Ni ban harbi kowa ba. Doka nake bi.”

Yaya ya yi ritaya. Aka yi masa taro, aka ba shi agogon bango, aka yi ta jawabin amana. Sista ta zauna a layin gaba, ba ta tafa ba. Ya bar siton a hannun wani da ya horar da kansa, mutum mai ƙiba da gilashi, wanda yake ganin maganar malaminsa ta fi ta kowa. Shugabannin asibiti suka canza, suka sake canzawa, tsohon umarni ya bi ruwa. Sista ma ta kusa ajiye aiki. Ta fara ganin za ta mutu ba ta ji kalmar nan ba.

Wata rana da hantsi tana shanya, sai ga facalarta ta shigo, ta zauna a bakin baranda ba a ce ta zauna ba.

“Sista, mutumin naki fa ba lafiya. Ƙwannafi. Yanzu a zaune yake barci. Ya tara kwalaben farin magani a kan kanta, ya jera su, wai sai ɗaya ta ƙare zai buɗe ɗaya.”

Sista ta matse rigar da ke hannunta har sai da ta daina ɗiga. “Abinci yana tsaya masa?”

“A'a, yana wucewa.”

“To me ya hana shi zuwa?”

Facala ta sunkuyar da kai. “Ya ce ba zai kwanta a hannunki ba.”

Abin ya daki Sista ta inda ba ta zata ba. Ba tausayi ba ne, kada a yi mata ƙarya. Gani ta yi mutumin zai sulale ya bar duniya da bakinsa a rufe, ya bar ta da cokali a hannu. Ta yafa mayafi ta bi facalarta.

Ta same shi a kujera, ya tsufa, ƙugu babu makullai, hannunsa yana ta kai wa wurin kamar mai neman abin da ya faɗi.

“Yaya, an ce ba ka jin daɗi.”

“Ɗan ƙwannafi ne. Gado ne.”

“Na taɓa jin wannan. Jibi da safe, kada ka ci komai.”

“Ba inda za ni.”

“Tsoro kake ji?”

Ya miƙe zaune. “Ni? Tsoron me?”

“Tsorona. Kana ganin zan rama. Mutum ba ya tsoron ramuwa sai ya san ya yi wani abu. To faɗi abin da ka yi, in koma gida.”

Tsokar muƙamuƙinsa ta motsa. Ya dubi matarsa, ya dubi bango inda agogon ritaya yake. Ya ce, “Jibi da ƙarfe nawa?”

Ranar ta riga kowa zuwa. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera kwalabe, ta ja durowa. Ƙanana fal. Babban da ya rage jiya an yi aiki da shi da yamma bayan ta tashi. Ta nufi sito a hankali, ta tsaya a tagar nan dai, fentinta ma ba a canza ba.

“Kwalin manyan hantsaki.”

Sabon mai sito ya gyara gilashi. “Ƙananan sun ƙare, Sista?”

“Ba su ƙare ba.”

“To ai hantsaki hantsaki ne. Malamina yakan ce ba a buɗe sabo sai tsoho ya ƙare.”

Sista ta yi dariya. Masu layi suka waiwayo, don wasunsu sun yi shekaru a asibitin ba su taɓa ganin haƙoranta ba. Ta juya ta kama hanyar ɗakinta. Ga abin ya zo har gida, ba ita ta shuka ba, ba ita ta yi ban ruwa ba. Abin da ya rage mata kawai ta yi shiru. Likita zai ce ba ni babba, ta ce babu, ya yi tsaki, a yi da abin da ke akwai. Ba wanda zai ce ta yi laifi, ko a gaban alƙali. Ta yi wannan tunanin tun daga sito har ƙofar ɗaki, kuma ya yi mata daɗi a baki kamar sukari. Abu ɗaya ne ya ɓata shi: Yaya ba zai sani ba. Ramuwar da mai laifi bai san an yi ba, asarar wahala ce.

Yana zaune a bakin gado cikin rigar marasa lafiya mai igiya a baya, ƙafafunsa sirara suna reto. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da jakarsa. Likita bai gama zagayen ɗakuna ba.

Sista ta ɗauko ƙaramin hantsaki cikin ledarsa ta ɗora masa a cinya. “Yaya, albishirinka. Manya sun ƙare a ɗaki. Akwai sabon kwali a sito, ɗalibinka ya ce ba a buɗewa sai waɗannan sun ƙare. Ya iya karatu, kalma ɗaya bai bari ba.”

Facala ta ce, “Innalillahi.”

“Sai ka tashi,” in ji Sista, “ka taka da ƙafarka, a cikin wannan rigar, ka je ka ce masa a karya doka.”

Yaya ya daɗe yana juya ledar a hannunsa. Fuskarsa, maimakon ta ɓaci, sai ta saki, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya ce, “Yaron ya yi daidai. A yi min da wannan. Abin da aka yi wa ƙanena, a yi min.”

Nan Sista ta gane. Wannan ranar ba ita kaɗai take jiranta ba. Shi ma jira yake, ya biya da jikinsa don kada ya biya da bakinsa. Jini ya hau mata kai.

“Au, haka ka shirya? Ka mutu a ce adali ya tafi, ko a kan kansa bai karya doka ba? In zauna a gidanka ina jin ana yabonka, ina miƙa wa masu gaisuwa ruwa? Wallahi ba za ka samu wannan arahar ba.”

Ta fita. Wannan karon ba ta tsaya a taga ba. Ta zagaya ta ƙofa, ta ture mai sito da kafaɗa, ta miƙa hannu zuwa kanta ta uku ta sauko da kwalin, ta rungume shi. Mutumin ya biyo ta yana haki. “Sista! Sista, za ki ja min! Ba a yin haka!”

“Biyo ni ka kai ƙarata wurin malaminka.”

Ya biyo ta kuwa har ɗaki, ya ga malaminsa a rigar marasa lafiya, ya tsaya sororo. Sista ta cire ƙaramin hantsakin daga cinyar Yaya, ta dire masa kwalin, liƙe da salatif ɗinsa. Ta ɗauko almakashi ta miƙa masa ta wajen mariƙi.

“Ni ba zan buɗe ba. Shi ma ba zai buɗe ba. Kai za ka buɗe.”

Likita ya shigo yana sa safar hannu. Shi ma ya tsufa, ya san kowa a ɗakin, ya kuma san kwanan zancen. Ya dubi kwali, ya dubi almakashi, ya ce, “Ni dai babba nake so, kuma ina da mutane a waje tun safe ba su karya ba. Ku gama.”

Facala ta ce, da muryar da ba a san tana da ita ba, “Malam, ni fa ban yi maka komai ba. In ka tafi, ni za ka bari. Buɗe.”

Yaya ya dubi ɗalibinsa. “Ƙananan da saura?”

“Da saura da yawa, ranka ya daɗe.”

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi almakashi. Ya bi tsakiyar salatif ɗin tiryan-tiryan, bai yaga kwalin ba, kamar yadda ya koya wa kowa. Ya buɗe murfi, ya zaro ɗaya ya miƙa mata. Bai dube ta ba.

“Kwanta ta hagu,” in ji Sista. Ta sa masa robar da ke riƙe baki a buɗe, ta ɗaure ta da kyau.

Jan yana nan, ya ma fi na ƙaninsa tsawo. Likita ya ce “buɗe”, ta buɗe. Ya ce “rufe”, ta rufe, da ƙarfi, har cikin ranta. Gabas da yamma, kudu da arewa, a matso sama a sake. Kowane nama ya fito cikakke, ta kakkaɓe shi a kwalbarsa. In aka ce ba ta ji daɗin kowane cizo ba, an yi ƙarya.

Sakamako ya fito. A cikin naman nan duka, guda ɗaya ne ya nuna abin: ƙwayoyin wurin sun fara juyewa, amma ba su zama daji ba tukuna. Likita ya ce an kama shi a bakin ƙofa. Aka yi ta kiran Yaya ana ƙone jan da na'ura, zama bayan zama, har sabuwar fata ta fito. Duk zuwan da zai yi ita take ɗaura masa robar baki. Ta ɗaga ranar ajiye aikinta sai da aka gama.

Da ya ji sauƙi ya dawo zuwan ƙarshen mako, ko da yake marayun duk sun yi aure, babu wanda zai tambayi karatunsa. Ya zauna a inda ya saba. Ta kawo kwano ta ajiye. Bai taɓa ba. Yana kallon tsohon akwatin kayan aikin ƙaninsa da ke kan kabad.

Ya ce, “Ranar nan… da na buɗe…” Sai ya tsaya.

Wata macen da ta ce a bar zancen, ya wuce. Sista ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta naɗe hannu. “Ƙarasa, Yaya. Ba inda za ni.”

Ya haɗiyi yawu, ya wuce lafiya lau. “Da na buɗe kwalin. Ban buɗe ba. Ni na ƙi.”

“Saboda me?”

“Don kada a ce.”

“A ce me?”

“A ce na yi son kai.”

“To ba a ce ba,” in ji Sista. “Ba wanda ya ce. Sai ka riƙe wannan.”

Ta tashi ta shiga kicin. Ya ji tana buɗe durowa, cokula suna ƙara. Ta dawo ta ɗora masa cokalin shayin nan a kan abinci, bakinsa har ya siɗe saboda tsufa.

Ya dube shi, ya dube ta. “Har yanzu?”

“Likita ya ce ka riƙa ci kaɗan-kaɗan,” ta ce. “Ci, kafin ya huce.”